Neman Takalmin da Zai Shigi Inna

Ƙanena ne ya kira ni a waya ina tsakiyar darasi, abin da bai saba yi ba. Na fita baranda na ɗauka. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba ya ce, "Yaya, ki zo ki ga Inna. Ɗakinta wari yake yi, kuma ta hana kowa ganin ƙafarta."

Koyarwa nake yi a wata firamare a cikin Bauchi, muna zaune a Fadaman Mada da maigidana da yaranmu. Inna kuwa tana Zungur, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta, tare da wannan ƙanen nawa da matarsa. Na nemi izini wurin hedimasta, na nufi tasha.

Ni ce 'yar farinta, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in kuma tana ba wani labarina sai ta ce "waccan ta Bauchin". A hannun kakata na tashi. Ban san cinyar Inna ba, ban kuma tuna ranar da ta riƙe hannuna ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, kuma da na girma na gane haka. In na je gida nakan durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, sai na dawo Bauchi in tarar an cusa mini gyaɗa da kuka da daddawa a ƙasan jaka.

Ranar ban tsaya a bakin ƙofa ba. Tun daga tsakar gida warin ya tare ni. Na shiga na same ta zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafar hagu ta rufe da gefen zani, ƙudaje suna ta zagaye.

Na ce, "Inna, mu ga ƙafar."

Ta ce, "Ba komai ba ne. Wa ya taso ki daga wurin aiki?"

Na yaye zanin, ta kai hannu za ta hana ni, na riga ta. Tsumma ne ta naɗe ƙafar da shi, ya jiƙe ya manne. Da na warware sai da na dafe bango. An barbaɗa wani garin magani ya cakuɗe da mugunya. Ta yi lalle ba da daɗewa ba, shi ya sa matar ƙanena ba ta lura da wuri ba, amma baƙin da ke babban yatsa da na kusa da shi ba na lalle ba ne. A ƙarƙashinsu, a tafin ƙafar, akwai rami da zai haɗiye kan ɗan yatsana.

Matar ƙanena ta ɗauko silifar Inna ta nuna mini. Hancin ne ya tsinke tuntuni, aka soka ƙusa ta ƙasa ta riƙe shi, yadda kowa yake yi a ƙauye. Ƙusar ta lanƙwashe ta huda robar ta fito sama. A kanta Inna take takawa zuwa rijiya, zuwa gona, zuwa gaisuwar mutuwa a unguwar gaba.

Na ce, "Inna, ba ki ji zafi ba?"

Ta ce, "Da na ji ai da na cire."

Shekarun baya an gano tana da ciwon suga. Takan sha magani in ta ga dama, in ya ƙare ba ta faɗa. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa ciwon yana kashe jin ƙafa, har mutum ya taka wuta bai sani ba.

A babban asibiti likita ya duba, bai yi dogon bayani ba. Ya ce yatsun biyu sun riga sun mutu, dole a cire, sauran ƙafar kuma za a gani. Na tambaye shi me "za a gani" take nufi. Ya nuna ƙasan gwiwarsa da gefen hannu. Inna ba ta jin Turancin da muke yi, amma ta ga hannun.

Aka yi aikin, aka kwantar da ita a ɗakin mata. Matar da ke gadon kusa da namu, wata mai sayar da awara daga Inkil, ita an riga an yanke tata daga gwiwa. Mace ce mai raha, ita take ba kowa dariya a ɗakin, amma duk lokacin da ta manta ta kai hannu za ta sosa inda babu ƙafa sai ta yi shiru. Ta ce mana ita ma daga ɗan ƙaramin abu ya fara, takalmin biki ne ya matse ta ya yi mata bororo. Inna takan juya mata baya ta fuskanci bango. Ni kuwa na kasa daina kallon wurin da zanin matar ya kwanta shafe a kan katifa.

Akwai wata nas, Kirista 'yar wajen Bogoro, babbar mace mai faɗa, da ita ce take wanke ciwon. Kowa Sista yake ce mata. Hausarta ba ta bambanta mace da namiji, Inna ma "kai" take ce mata, amma hannunta da sauƙi. Da aka kusa sallamarmu ta zaunar da ni ta ce, "Malama, daga yau kai ne idon ƙafar nan, don shi ba ya ji." Ta koya mini in riƙa duba ƙafafun biyu kullum, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. In taɓa ruwan wanki da gwiwar hannuna kafin in zuba, in tsane da tawul mai laushi, in shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso amma kada ya shiga tsakanin yatsu. Ba reza, ba dutsen goge kaushi, ba lalle, ba ɗumama ƙafa a bakin murhu. Sannan ta ce abin da na ɗauka shi ne mafi sauƙi a ciki: kada Inna ta sake taka ƙasa ba takalmi, ko a cikin ɗaki, kuma ba silifa ba. Takalmi rufaffe, mai faɗi, mai laushi a ciki, wanda ba zai matse ko'ina ba, ba zai kuma yi sako-sako ya goge fata ba.

Na ce a raina, takalmi ai ba abin wahala ba ne a garin Bauchi.

Na kawo Inna gidana. Maigidana ya kwashe littattafansa ya bar mata ɗakin. Safiyar farko da na zo da roba da tawul na durƙusa a gabanta, sai ta janye ƙafafun ƙarƙashin kujera.

"Kira mini yarinyar nan ta yi," ta ce, tana nufin 'yata.

Na ce, "Ni aka koya wa."

Can ta miƙo ta dama, mai lafiyar, ta kau da kai tana kallon taga. Wannan ne karo na farko da na riƙe wani sashe na jikin mahaifiyata da hankalina. Ƙafa ce mai faɗi kamar faranti, yatsun a warwatse, don tun tana yarinya ba ta san matsin takalmi ba. Fatar tafin ta yi kauri, dunduniyar duk faso. Sanyi ƙalau. Na matsa da yatsa na ce, "Kin ji?" Ta ce, "Me?"

Abin da ya fi damunta a lokacin alwala ce. Ta ƙi yarda cewa salla za ta yi ba tare da ruwa ya taɓa ƙafar ba, har na kama ta tana ƙoƙarin kwance bandejin a bayan gida. Sai da maigidana ya tsaya daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya yi mata bayani cewa shafa a kan bandeji ta wadatar ga mai lalura. Daga bakinsa ta yarda. Daga nawa ba ta yarda ba.

Na auna tsawon ƙafarta da tsinken tsintsiya, na karya daidai, na tafi kasuwar Wunti. Na bi layin masu takalma ina zura tsinken a cikin kowane sau-ciki na mata. Na zaɓo wanda tsinken ya kwanta a ciki har da saura. A gida ko yatsun ba su wuce bakinsa ba. Tsawo na auna, na manta da faɗi. Na mayar, na canjo wani, na sake mayarwa. Mai shagon, da farko yana "Hajiya, Hajiya", daga baya in ya hango ni sai ya shiga duba wayarsa.

Na koma auna faɗi da zare. Nan na gano cewa ƙafafun ba ɗaya ba ne. Ta hagu ta rage tsawo saboda yatsun da aka cire, amma ta kumbura ta fi ta dama kauri, ga bandeji. Wanda ya shigi dama ba ya shigar hagu. Wanda ya shigi hagu, dama tana iyo a ciki. Wani ɗan kasuwa ya ce in sayi takalmi ƙafa biyu masu lamba daban-daban in haɗa. Na saya. Na hagun ya shiga, amma inda babu yatsu ya zama fili, ƙafar tana zamewa gaba tana dukan baki.

Duk wannan ina yi ne bayan an tashi daga makaranta, da rana tsaka, in dawo in dafa mata abincinta daban, in wanke ciwo, in kai ta asibiti ranar da aka ce. Ita kuma tana zaune a kujera kamar wadda aka ɗaure, in za ta bayan gida sai na naɗe mata ƙafar da leda da tsohon soso, na riƙe ta. Macen da take nome gonar gyaɗa ita kaɗai.

Ganin haka na ɗauke ta a napep na kai ta kasuwar da kanta, wajen masu gwanjo, don an ce takalman waje sun fi faɗi. Aka ba ta benci. Masu shaguna suka yi ta kawowa, mutane suka fara tsayawa kallo. Wani ya kawo kambas na maza, fari, ƙato, irin na 'yan ƙwallo. Ya shiga. Inna ta dube shi ta dube ni.

"Da wannan zan shiga cikin mata?"

Na ce, "Inna, lafiyarki ake nema."

"Cire mini."

Aka kawo wani baƙi na mata, na fata, mai ɗan faɗi. Da ƙyar da dabara ya shiga. Na ce, "Ya matse ki?" Ta ce, "Ya yi daidai." Na latsa gaba, na latsa gefe, na ga kamar akwai wuri. Na sake tambaya, ta sake cewa ya yi daidai. Na ji wani sanyi a raina, har na saya mata lemon ɓawo a hanya, na manta ba a son ta sha da yawa.

Washegari ta sa shi tun safe, ta zagaya tsakar gida, ta fita har ƙofar gida ta gaisa da maƙwabciyata. Da na dawo daga makaranta na cire mata. Safar ta manne a dunduniyar dama. Ta dama, mai lafiyar. Bayan takalmin ya goge fatar ya sale ta, wuri ja kamar an ɗora cokali mai zafi.

Ban san na yi ihu ba sai da yara suka shigo da gudu. Na ce, "Inna, ba ke kika ce ya yi daidai ba?"

Ta ce, "To ni ina na sani? Na ga kin gaji ne."

A asibiti likitan ya duba ya girgiza kai. Ya ce irin wannan sabon ciwon shi ya fi tsoro, domin jini ba ya isa dunduniya sosai, in ya ƙi warkewa ba yatsa ake cirewa ba. Ya ce akwai takalma na musamman da ake yi wa masu wannan lalura, amma a nan bai san inda ake samu ba, sai dai a tambaya a Kano ko Abuja. Maigidana ya kira wani abokinsa a Kano, ya yi yawo ya gaji, ya turo mana hoton wani takalmi a waya wanda shi ma lambobinsa na ƙafar da ba a taɓa ba ne. Na fita harabar asibitin na zauna a gindin wata bishiya, na rasa inda zan sa kaina. Na taho da mace mai ciwo a ƙafa ɗaya, yanzu biyu. Duk inda na duba ƙafafun mutane nake gani, masu silifa, masu fade, masu takalmi mai tsini, kowa yana tafiyarsa bai san abin da Allah ya ba shi ba.

Sista ce ta same ni a wurin. Ta ce, "Kuka ba zai ɗinka takalmi ba. Nemi shumeka ya yi masa nasa."

Akwai wani mai gyaran takalma a bakin layinmu, dattijo, da rumfarsa ta kwano da tsohon keken ɗinki. Yana yin fade da takalman 'yan makaranta. Na yi masa bayani. Ya ce gaskiya bai taɓa yin irinsa ba, amma a kawo ƙafar ya gani. Inna ta ce ita ba za ta miƙa wa namijin da ba likita ba ƙafarta. Sai na tsayar da ita a kan kwali na zagaye kowace ƙafa da biro, da yamma, lokacin da suka fi kumbura, kamar yadda Sista ta ce. Na auna kaurin da zare, na ƙulla alama, na kai masa.

Na farkon da ya yi kyakkyawa ne, har da ɗan ado a gaba. Na kai wa Sista kafin Inna ta sa. Ta zura hannu ciki ta shafa, ta kamo hannuna ta ɗora a kan wani ɗinki da ya taso a gefe. Ta ce wannan kaɗai ya isa. Na mayar. Na biyun ya rufe ɗinkin da wata fata, amma gam ya bushe ya yi tauri kamar katako. Na mayar. Dattijon ya ɓata rai, ya ce shi shekara da shekaru yana wannan sana'a ba a taɓa dawo masa da aiki sau biyu ba, kuma ga takalman 'yan makaranta sun taru. Na ɗaga murya a bakin titi, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce masa ba kwalliya nake nema ba, ƙafar uwata za a yanke. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. Na juya na tafi ina kuka, mutanen layi suna kallona.

Ana cikin haka hadari ya fara haɗuwa. Aka yi ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi. Tun daga ranar Inna ta daina cin abincin kirki. Takan zauna a bakin taga tana tambayar ko an yi ruwa a Zungur, ko ƙanena ya fitar da irin gyaɗar da ta adana a tulu, ko ya san ba a shuka ta gefen kwari da wuri. Kullum sai ta ce a mayar da ita gida. Kullum sai in ce sai ƙafa ta warke, sai an sami takalmi.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da ɗakin ba kowa. Ƙullin kayanta ba ya nan. Maƙwabciyata ta ce ta ga fitarta da hantsi, ta ɗauka asibiti za ta. Na duba bayan ƙofa, silifar wankan maigidana ba ta nan.

Na tare ɗan acaɓa, ban ma tsaya gyara mayafi ba, na ce tashar da ake hawa motar Zungur. A hanya ina ta addu'a kada motar ta cika. Na same ta zaune a kan wani dutse a gefen masu sayar da rake, ƙullinta a cinya, tana jiran fasinja su cika. Daga gida ta taka har babban titi kafin ta sami napep. Bandejin hagu ya yi baƙi da laka. Na dama ya zame ya koma idon sawu, dunduniyar tana zaune tsirara a kan robar, jini ya bushe a gefe, wani sabo yana tsattsafowa.

Na zube a gabanta a cikin lakar nan, na kama ƙafar da hannu biyu na ɗora a cinyata. Kuka nake yi irin na yara, da sheshsheka.

Ta ce, "Ke, tashi. Mutane na kallo."

Na ce, "Su kalla. Inna, so kike a yanke? So kike ki koma kamar matar nan ta Inkil? Ki faɗa mini in sani, in daina wahalar da kaina."

Sai ta ce, a hankali, ba ta kalle ni ba, "Yankewar ai an riga an yi. Ni ba na jin su. In na duba sai in ga kamar na wata ne aka ajiye mini. Na ce bari in je in tsaya a gonata, ko ƙasar can za ta sa in ji wani abu."

Ban taɓa jin Inna ta yi doguwar magana haka da ni ba. Na ɗago na ga idonta ya kawo ruwa. Ta sa bakin mayafinta ta goge mini fuska, da sauri, sau ɗaya, kamar mai tsoron a gan ta. Kwandasta yana ta kiran saura mutum ɗaya. Ta ce, "Nemo mana abin hawa. Kuma ki ɗaure abin nan, ƙuda na sauka."

Daga tasha asibiti muka wuce. Aka sake kwantar da ita, aka kankare dunduniyar, aka sa mata ruwan allurai. Likitan bai yi alkawarin komai ba. Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Ina shiga aji in rubuta abu a allo in tsaya ina kallonsa. Duk wayar da ta shigo sai gabana ya faɗi.

Ina dawowa daga asibiti wata yamma dattijon nan ya kira ni daga rumfarsa. Na ɗauka faɗa zai rama. Ya ce shi ma mahaifiyarsa a hannunsa ta tsufa. Ya ce matsalar ita ce yana aiki da kwali ne, ni kuma ina kawo masa saƙon wata, a haɗa shi da mai faɗin gyaran su yi magana baki da baki. Na roƙi Sista, ta zo ranar da ba ta aiki, da kayan cocinta, ta zauna a bencin rumfar. Suka yi ta gardama. Ita ta ce a cire ado, a juya duk ɗinki ya koma waje. Shi ya ce in aka yi haka ruwa zai shiga, sai dai a ƙara wata fata a bisa. Ita ta ce a cike gurbin yatsun da soso mai laushi. Shi ya ce soso zai kwanta, a naɗe shi da fatar akuya. Suka yarda a buɗe saman gaba ɗaya a sa maɗauri mai mannewa, yadda za a sassauta in ƙafa ta kumbura, a kuma sassauta bayan takalmin a lulluɓe shi don kada ya taɓa dunduniya da ƙarfi. Da aka sallamo Inna, ta bari ya zo gida ya gwada mata da kansa. Ta rufe fuska da mayafi har ya gama.

Takalmin da ya fito mummuna ne, ba na ɓoyewa. Baƙi, ƙato, na hagu ya fi na dama faɗi, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Inna ta dube shi ta ce, "Wannan ai kunkuru ne." Amma ta miƙo ƙafa.

Ba mu yarda da shi nan take ba. Takan sa na ɗan lokaci da farar safa, in cire in duba ko'ina, in nemi ja ko tabo. In na ga wuri ya yi ja sai in shafa alli a wurin, in mayar da ƙafar, allin ya nuna inda yake taɓawa a ciki, in kai a gyara. Na daina tambayarta ko ya yi daidai. Sannu a hankali ta fara wuni da shi. Dunduniyar kuwa ta ja mu har damina ta wuce. Wani satin ta tsuke, wani satin ta sake buɗewa da ruwa-ruwa, in koma ban iya cin abinci. Ranar da likita ya ce ta rufe, ban yi murna ba, sai dai na nemi wuri na zauna.

Bana Inna ba ta yi noma ba, bara ma haka. Ta koma Zungur bayan an cire amfanin gona, da sharaɗin matar ƙanena za ta riƙa duba ƙafafun kullum, ni kuma in zo duk ƙarshen mako. Takan je gona a bayan mashin ɗin ƙanena ta zauna a inuwa tana ba da umarni. Sun ce wani lokaci in ta ga ba kowa takan cire takalmin ta ɗora tafin a kan ƙasa. Na yi faɗa, ta ce ƙarya suke yi mata.

Ƙafafun suna nan, biyu, da yatsu takwas. Amma ba a gama ba, kuma na gane ba za a gama ba. Zuwana na baya-bayan nan na ga wani ɗan tabo mai duhu a gefen ƙaramin yatsan dama. Na latsa, bai yi ruwa ba. Na ɗauki hotonsa na tura wa Sista, ta ce a kawo ta a gani, kada a jira. Na duba takalmin na ga ƙasansa ya cinye ta gefe ɗaya, shi ya sa ƙafar take karkata. Dattijon kuma idonsa ya yi rauni, ya bar rumfar ya koma garinsu, wanda ya gaje wurin faci kawai ya iya da goge takalmi.

Na sa takalmin a leda na taho da shi Bauchi, na bar ta zaune a ɗaki da safa, na ce kada ta motsa sai ƙanena ya kawo ta gobe. Yau daga makaranta zan bi ta bayan kasuwa, an ce akwai wasu masu ɗinkin takalma a can, in nuna musu ko akwai wanda zai iya kwaikwayonsa.